Tafiyar Kai Gero Shagari

Bodinga,
14 ga Nuwamba, 1983.

Zuwa ga yayana Malam Husaini, Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa, tare da roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin lafiya, kai da iyalinka. Ka lura da cewa da hannuna na rubuta ta, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci, ni ne na biyu cikin mutum goma sha tara. Baba yana lafiya sai ciwon gwiwa. Fatu ta haihu, an sami ɗiya. Damina ta yi gardama, sabulu da kananzir kuwa sai mai hanya.

Dalilin takardata shi ne maganar kai gero. Ka san al'adar gidanmu tun zamanin kakanmu Shaihu: in an yi girbi, namiji guda zai ɗauki geron fari ya kai wa Gwaggo Altine a rugarsu bayan Shagari, da ƙafa, kuma da gaisuwar kowa a bakinsa. Gwaggo ba ta karɓar abin da ya hau mota. Shekara goma sha ɗaya ni ke wannan tafiya. In fita da asuba, in bar kwalta, in ratsa fakon nan mai tsakuwa inda babu inuwa sai sabara da geza, in bi burtali, in isa bayan la'asar. Na san inda ake samun ruwa a ƙoramar da kowa ke cewa ta ƙafe. Ban taɓa mance gaisuwar ko mutum ɗaya ba.

Bana, don in kyautata aikin, na zauna na rubuta gaisuwar duka a takarda, shafi biyu. Da na nuna wa Baba ya yi murna ƙwarai, sannan ya ce tunda saƙo ya shiga takarda ai kowa na iya kai shi, ni in huta, malami ba ya yawon daji. Sai ya ba ƙanenmu Ɗahiru tafiyar.

Yaya, Ɗahirun da ko Danchadi nan kusa aka aike shi sai ya nemi aron keke! Ya kwana uku wurin Gwaggo, ni da nake kwana ɗaya. An yanka masa zabo. Malamin makarantarsu ya karanta takardar, Gwaggo ta yi kuka, ta ce ba a taɓa gaishe ta da daɗi haka ba, ta sa wa Ɗahiru albarka. Kalmomina ne fa. Ya dawo yana ba da labarin daji a ƙofar gida kamar shi ya share hanyar. Ni dai na duba bakin wandonsa ban ga ƙarangiya ko ɗaya ba, kuma wanda ya ratsa fakon nan ba ya fita haka. Ban ce ya hau mota ba, tunda ba ni da shaida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Gwaggo ta ce masa baɗi in ya dawo za ta damƙa masa sandar kakanmu Shaihu. Shekara goma sha ɗaya ina ganinta jingine a ɗakinta, kunya ta hana ni tambaya.

Don haka ina roƙonka ka rubuto wa Baba, kai yana jin maganarka, ka ce a mayar mini da tafiyata. Kada ka nuna ni na sa ka. Ka yi rubutun da manyan baƙaƙe, domin ni za a ba in karanta masa, kuma na yi alkawari ba zan ƙara komi a kai ba.

Ka gaishe da Hajara da Aishatu da Aliyu. Rabi na gaishe ku. Ɗahiru ma ya ce a gaishe ka, na kuwa rubuta.

Ni ne ƙanenka mai biyayya,
Malam Sodangi.