Kada Wanda Ya Sake Dukan Barkono

Ni mahaifiyarku na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina. Na san akwai wanda zai taɓe baki in ya karanta haka, don shekara ashirin da biyu ana raɗa a gidan nan cewa ba ni da shi. To ina da shi. Likita ta ce ƙarin da ke hanjina ba zai bar ni in ga ƙarshen shekara ba. Saboda haka kai Babba, ke Tela, kai Auta, ku zauna ku karanta har ƙarshe.

Na ɗaya. Kada wanda ya sake ɗaga hannu ya doki Barkono. 'Yarka ce, Babba, amma jikata ce, kuma shekararta tara kacal. Ku kuka laƙaba mata wannan suna saboda kuka da cizo da jifa da kwano. Ga abin da ni nake gani: ciki a kumbure, hannuwa kamar tsinke, banɗaki sau huɗu kafin ta tafi makaranta. In ta ci burodin safe, kafin azahar ta zama wata yarinya daban. Kuna cewa ta gado halin kakarta. Ta gaje ni, amma a hanji.

Na biyu. Ku san tarihin uwarku, tunda ba ku taɓa tambaya ba. Da na auri ubanku, Allah ya ji ƙansa, gidan burodinsa na ƙasa, mu muna sama. Burodi da safe, wanda bai sayu ba da rana, wanda ya ƙone a gefe da yamma. In cikina ya murɗa, sai ya hauro da sabon fitowa daga tanderu, da zafinsa, yana cewa wannan ko jariri ya ci lafiya. Da zuciya ɗaya yake yi, shi ya fi ƙona mini rai. Ina zama bakin gado ina kuka ban san dalili ba. Na fasa madubi. Na zage ku kuna ƙanana a kan abin da bai kai ya kawo ba. An kai ni gaban likitoci huɗu. Biyu sun ba ni ƙwayar barci, ɗaya ya ce in rage tunani, ɗaya kuwa ya juya ga ubanku ya tambaye shi me ke damuna, ina zaune a wurin kamar kujera. Babu wanda ya tambayi abin da nake ci. Ni ma da duk karatuna ban zargi farantina ba. Wa zai zargi burodi a gidan mai burodi?

Shekara shida da suka wuce wata likita, sa'ar Auta, ta ɗebi jinina, ta duba hanjina, ta ce jikina ba ya jituwa da alkama. Na daina ci. Bayan wata uku na tashi wata safiya ba na jin haushin kowa. Na zauna ina jiran ya zo, bai zo ba. Daga baya wani ya zo, haushin shekarun da suka tafi a banza, da shi nake wannan rubutu. Ban ce kowane ƙunci daga ciki yake ba, kuma likita ba ta ce burodi ne ya kawo ƙarin nan ba. Nawa na sani.

Na uku. Gida da gidan burodi a raba yadda shari'a ta tanada, ba ni da magana a kai. Tukwanena uku da katakon yanka da ke ɗakina, waɗanda fulawa ba ta taɓa ba, na Barkono ne. Littattafaina na Auta, ya karanta su, ba ya tokare ƙofa da su ba. Tela, littafin nan mai koren bango naki ne. A ciki na rubuta abin da na ci da yadda na wuni, rana bayan rana. Ke ma kina yawan riƙe ciki a kan keken ɗinki, kina cewa zama ne. Ki je a duba ki.

Na huɗu. Maƙwabciyarmu ta hagu, wadda na watsa wa ruwan wanki saboda ta tambayi lafiyata, ku je ku roƙa mini gafararta. Ciwo ya sa ni, amma hannuna ne ya ɗauki bokitin.

Na biyar. Tela, ki daina gaba da matar yayanki. Ita ta fara cewa a kai yarinyar asibiti, kika ce tana so ta ɓata sana'ar ubanku a idon unguwa. Ta fi ku duka hankali. Ki shiga ɗakinta ki ba ta haƙuri.

Na shida, kuma naka ne kai kaɗai, Babba. Ka ce in abokan ciniki suka ji cewa 'yar mai burodi ba ta cin burodi, shago ya mutu. Mutane dubu suna ci lafiya, su ci, Allah ya ƙara kasuwa. Ita ɗaya nake magana a kai. Na karɓa mata ranar gwaji, Talata ta farkon wata, ƙarfe tara, takardar na ƙarƙashin wannan. Kada ku hana ta burodi kafin ranar, likita ta ce in aka daina gwajin ba zai nuna gaskiya ba. In ya nuna ba komai, alhamdulillahi, ku nemi wani dalilin, amma ba da bulala ba. Na yafe maka duk abin da ka faɗa a kaina. Wannan kuwa ba zan yafe ba sai ka riƙe hannunta ka kai ta da kanka.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiyar ciki da ta zuciya, ya raya muku zuri'a. Kada ku watse bayana. Ku riƙa haɗuwa kuna ci tare, ku dafa abin da kowa zai iya sa hannu a ciki, kada a tura yarinyar nan lungu da kwanonta ita kaɗai. Kuma ku koma kiranta da sunan da aka raɗa mata.

Mahaifiyarku.