Ƙafar da Reijo Ya Kasa Takawa

Iisalmi, 5 ga Yuni

Zuwa ga matata Aulikki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya 'yarmu Henna da jikin jego, yaya tagwaye? Ki shafa mini kawunansu. Allah ya sa sauron Rovaniemi bai cinye ki ba.

Kin tambaye ni a waya ko na koma filin jefa faifai, na ce miki komai daidai. Ba daidai ba ne, Aulikki, a takarda kawai zan iya faɗa. Kin tuna kwando na tara, wanda sai an jefa faifai ya tsallake tafki, mita tamanin da biyar? Shekara goma sha takwas ina tsallake shi ko kallon ruwan ba na yi. Makon nan faifai shida na zuba a ciki, har da jan nan da kika saya mini.

Likita ya ce ƙashi ya haɗe, wai ƙarfen da suka sa mini a kwatangwalo ko doki zai ɗauka. Amma abokina Veikko ya ɗauke ni bidiyo da wayarsa, na ga abin kunya. Ina tahowa lafiya lau, taku ɗaya, biyu, uku. Daidai inda ya kamata in dasa ƙafar dama in juye mata duk nauyina, sai in ɗan taɓa ƙasa da yatsu kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Nauyi ya maƙale a ƙafar baya, hannu kaɗai ke jifa. Yanzu kafaɗar ma ta soma ciwo.

Veikko ya ce, "Kai tsoho, jifa kake yi ko shanyar wanki?" Na yi dariya a gabansa. Da na shiga mota na fi rabin sa'a ban tayar da ita ba.

Gasar 'yan bibbiyu ran shida ga Yuli ce. Ni ne mai dogon jifa, shi ne mai zurawa a kwando, haka muke tun Henna tana firamare. In ban kai shi kusa ba, me zai zura?

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Reijo

Iisalmi, 22 ga Yuni

Aulikki tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Henna da mijinta da jikokina. Da fatan kun yi bikin tsakiyar bazara lafiya.

Ki zauna kafin ki karanta. Ban koma aiki ba. Tun watan Mayu nake yi miki ƙarya. Ranar farko na je, na kafa tsani a jikin gidan da za mu yi wa rufi, na ɗora ƙafar dama a matakin farko, sai na ga kamar ga ni a ƙasa cikin ƙanƙara irin ranar da na faɗo a Fabrairu. Na ce wa maigidanmu na wurin aiki cikina ke ciwo, na tafi. Ya ba ni har tsakiyar Yuli, daga nan zai ɗauki wani. Shekarata hamsin da bakwai, ban iya komai ba sai rufin gida. Kullum da safe nakan ɗauki jakar abinci in fita don kada maƙwabta su gane, in wuce fili.

Akwai na biyu. Jiya muna zaune a sauna, ɗakin wankan tururi, a gidan Veikko na bakin tafki, ya zo zuba ruwa kan duwatsu, ludayin yana kaɗawa a hannunsa har rabin ruwan ya zube. Ya ce, "Daina kallona haka, ba gawa ba ce." Ciwon rawar jiki ne, likitoci sun tabbatar tun watan Afrilu. Ko matarsa sai makon jiya ta ji. Ya ce wannan ce gasarsa ta ƙarshe, kuma ba zai shiga da kowa ba sai ni, ko da rarrafe zan je.

Yanzu koya mini yake kamar ban taɓa riƙe faifai ba. Ya ƙwace faifan, ya ba ni tawul. In tsaya, nauyi a ƙafar hagu, in zame shi zuwa dama, diddige ya zauna daram, ƙugu ya juya, hannu ya biyo a ƙarshe. Da tawul sau ɗari nake yi ba kuskure. Da zarar na ga ruwa sai ƙafar ta ƙi. Na roƙe ta, na zage ta, har dukanta na yi.

Ban san yadda zan yi ba, Aulikki. Ki yafe mini ƙaryar.

Naki,
Reijo

Iisalmi, 7 ga Yuli

Aulikki,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mako biyu ke nan ba ki ɗaga wayata ba. Henna ta ce lafiyarki ƙalau, magana ce ba kya so. Na cancanci haka.

An yi gasar jiya cikin yayyafi. Muka lallaɓa har kwando na tara. Ka'idar ita ce kowannenmu ya jefa, a ɗauki wanda ya fi kyau. Veikko ya fara jefawa, hannun ya ci amanarsa, faifan ya faɗa ruwa ko rabi bai kai ba. Ya juyo yana murmushi, amma na ga haɓarsa tana rawa. Ya ce, "To, mai shanya, saura kai."

Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba, yana nan har cikin haƙorana. Fuskarsa ce na kasa jurewa. Na taho, na dasa diddigen da duk abin da nake da shi, na ji ƙugu ya juya, faifan ya fizge daga hannuna da kansa. Sai santsi ya kwashe ni, na faɗi a kan wannan kwatangwalon dai. Na kwanta ina jiran in ji ƙarar da na ji a Fabrairu. Shiru. Veikko ya durƙuso ya ce, "Ya karye?" Na ce bai karye ba. Ya ce, "To tashi mana, mutane na jira."

Faifan ya tsallake, ya sauka taku goma sha biyu daga kwando. Veikko ya daɗe tsaye yana jiran hannun ya lafa, bai lafa ba, ya jefa a haka. Sarƙoƙin da ke rataye a saman kwandon suka yi ƙara, faifan ya zauna a ciki. Mu ne na goma sha huɗu cikin goma sha bakwai. Da za mu tafi ya miƙo mini makullin motarsa, ni na tuƙo shi gida.

Yau da safe na fito da tsani na jingina a bangon gidanmu. Cinyata ta yi baƙi ƙirin saboda faɗuwar jiya, amma ta ɗauke ni. Mataki huɗu na hau, na kasa hawa na biyar, na sauko. Saura tara kafin rufi, kuma kwana takwas gare ni. Ba zan iya roƙon Veikko ya riƙe mini tsanin da hannun nan nasa ba.

Ki kira ni, Aulikki, ko da zagi ne.

Mijinki mai jiran muryarki,
Reijo