Matata Ta San Za a Sayar da Kamfanin su Yaya, Ta Yi Gum

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, wani abu ne ya tsaya min a rai.

Matata lauya ce. Lokacin da muka yi aure ofishinsu ɗaki biyu ne a saman shagon taya, yanzu bene guda suka kama. Aikinta rubuta yarjejeniya idan wani kamfani zai sayi wani, ko biyu za su haɗe. Zamanmu lafiya lau, ko yaranmu ba su taɓa jin mun ɗaga wa juna murya ba.

Yayana yana kula da sito a wani kamfanin sabulu. Tun bara ake jita-jitar za a sayar da kamfanin a sallami ma'aikata. Duk ƙarshen mako sai ya zo ya zauna a falonmu yana zullumi, har ya rame. Ya sha tambayarta ko ta ji wani abu, sai ta ce ba ta zancen aiki a gida, ta ƙara masa shayi. Ashe ofishinsu ne ke cinikin, takardun ma suna cikin kwamfutar da take rufewa in na shigo ɗaki.

An sayar, ba a kori kowa ba. Yaya ya murmure, har yana tsokanarta da Barista Gum. Inna ce ta ƙi saukowa, gaisuwar matata ma da ƙyar take amsawa, wai mai kallon ɗanta yana ramewa ta yi shiru ba ta ɗauke mu 'yan uwa ba. A gaban Inna ina kare ta, amma ni ma abin yana sosa min rai. Ko ni ba ta yarda da ni ba ne?

Mijin Lauya

Malam Mijin Lauya,

Zafin da kake ji ba laifi ba ne, Inna kuma uwa ce, ramar ɗanta ta gani. Amma sirrin nan ba na matarka ba ne balle ta ba ka, amanar masu cinikin ce. Da ta faɗa maka, za ka iya kallon Yaya ka yi shiru? Kai ka faɗa masa, shi ya faɗa wa abokin aikinsa, ciniki ya lalace, ita ta rasa aikinta, wataƙila shi ma ya rasa nasa. Ka tuna kuma, kafin a sa hannu ita kanta ba ta da tabbacin da za ta ba shi.

Ka zaunar da ita ka faɗa mata yadda ka ji, ka kuma tambaye ta yadda ta ji tana zuba wannan shayin. Da alama babu wanda ya tambaye ta. Inda ta gaza, ya kamata tun farkon aure ta bayyana maka irin shirun da aikinta ke buƙata.

Batun Inna, kada ka tura matarka neman gafarar laifin da ba ta yi ba. Ka tura Yaya, tunda shi ya rame, shi kuma ya huce. Daga bakinsa Inna za ta fi ji.

Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya raya zuri'a.

Anti