Muddin Bishiyoyin Suna Tsaye

Zuwa ga ɗana Ruhdi, a Takengon.

Assalamu alaikum. Shekarata saba'in da tara, talatin daga ciki na yi su ina koyarwa, saboda haka ba na neman tausayin kowa, har da naka. Yaya matarka Mahara da yara? Ina fata damina ta sauka lafiya.

Ni ƙalau nake a nan Penang. Sau uku a mako ƙanwarka Sastri take kai ni wankin ƙoda. Likita ya ce ni da doguwar tafiya mun yi sallama, na ce masa ban nemi ra'ayinsa ba.

Labari ya iso mini cewa za ka sare bishiyoyin lamtoro da ke gonarmu ta gahawa, ka fesa maganin ciyawa, wai inuwarsu ce ke hana gahawa 'ya'ya. Marigayi mahaifinka ya dasa su a shekarar da aka haife ka. Yakan ce mini, "Malama, karatu naki ne, amma gahawa 'yar inuwa ce, bar ni da ita." Gonar maƙwabcinmu da aka yi wa ƙwal-kwabo, a kan idonka ruwa ya kwashe ƙasarta zuwa tafki.

Ka aiko mini da gahawarmu kaɗan. An hana ni sha, ƙamshin kawai nake so.

Allah ya yi maka albarka. Na san za ka yi fushi, amma gara fushinka da kututturansu. Ranar Litinin na sa hannu a gaban shaidu, gonar ta zama wakafin iyali. Kai ne mai kula da ita, amfaninta naka ne, muddin bishiyoyin nan suna tsaye.

Mahaifiyarka,
Inen Ruhdi