Rasuwar Hajiya Tasallah Bature, Mai Filin "Zo Ka Gwada"

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukaki, Zauren Zumuncin Hausawa Mazauna Madina ya samu labarin rasuwar uwa ga wannan Zaure, Hajiya Tasallah Bature, mahaifiyar Dakta Rilwanu Abdulmajid, wadda ta cika da hantsin Talata a gidan ɗan nata da ke unguwar Ƙuba, tana da shekara saba'in da shida. An sallace ta a Masallacin Manzon Allah (SAW) bayan La'asar, aka kai ta makwancinta a Baƙi'a.

Manyanmu ba za su manta da filin "Zo Ka Gwada" ba, wanda gidan rediyon jihar marigayiya ke watsawa duk yammacin Asabar, inda tela da direba da malamar asibiti kan zo su gwada waƙa ko barkwanci ko kwaikwayon murya. Marigayiya ta shiga a matsayin 'yar takara a 1971, ta ci akwatin rediyo, bayan shekara biyu aka damƙa mata filin. Ita ce ta sa aka daina kaɗa wa wanda ya kasa ƙararrawa, domin a ganinta duk wanda ya iya tsayawa gaban makirfo ya cancanci a bar shi ya kai ƙarshe. Da filin ya koma talabijin, zamanin hoto baƙi da fari, unguwa guda kan taru a ƙofar gida ɗaya don ganin nasu.

Ba a adana fayafayan shirin ba. An yi ta naɗar wasu shirye-shirye a kansu. Abin da ya rage yana cikin kan Hajiya. Tun zuwanta Madina take zaunar da jikarta, Malama Sundus Rilwanu, tana faɗa mata sunan kowane ɗan takara da garinsu da abin da ya rera, wani lokaci har ta rera mata, ita kuma tana rubutawa, tana tambaya da Larabci, kakar na amsawa da Hausa. Sun kai shekarar 1979. Saura shekara shida cikin shekarun da ta yi tana gabatar da filin.

Don haka Zaure na roƙon duk wanda ya taɓa shiga filin, ko yake da tsohon kaset a gida, a Kano ne ko Maraɗi ko nan unguwar Harra, ya tuntuɓi iyalan.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Dakta Rilwanu da mai ɗakinsa Hajiya Hassana da jikoki, da dukkan waɗanda ta taɓa miƙa wa makirfo. Allah Ya jiƙanta, Ya sa maƙwabtakar Manzon Allah (SAW) da ta samu ta ɗore har Aljanna, Ya ba iyalai haƙuri da juriya. Mu da muka saba jin muryarta, Allah Ya sanyaya mana zuciya.

Sa hannu:
Malam Zakiru Ahmad
Kakakin Zauren Zumuncin Hausawa Mazauna Madina