Randebu Bakwai da Tsohuwar Mota Mai Turbo

Zuwa ga Hajiya Kande, mai kula da filin shawarwari,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ki taimake ni a kan wata magana da ta fi ƙarfin karatuna. Na san ba a saba kawo miki zancen mota ba, amma kin taɓa rubutawa a nan cewa a gidan direbobi kika tashi, kuma tun da na fara bin amsoshinki ban ga kin yi wa kowa kara ba. Abin da nake bukata ke nan.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata sittin da uku, talatin da biyar daga ciki a Yamai na yi su. Na koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, daga baya aka mayar da ni mai duba makarantu, har na ajiye aiki shekara biyu da suka wuce. Ina da takardar tuƙi tun ina saurayi, amma ban taɓa mallakar mota ba, domin motar aiki ce take ɗaukata da direbanta. Yanzu ina so in sayi wata tsohuwar mota ƙirar Jamus, mai shan gazuwal, wato man dizal, mai turbo (na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi), wadda ta yi shekara goma sha tara a duniya. Abin da ke hannuna kaɗan ne. Idan na biya farashin da aka yanka mini, abin da zai saura bai fi na canjin mai sau biyu ba.

Akwai bayani guda da ya kamata in yi don cikar magana, kuma ina roƙon kada a ɗauke shi neman ta'aziyya, domin an yi mana ita yadda ya kamata. Ɗana Ismaël ya rasu wata tara da suka wuce, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara ashirin da shida. Shi ne na fari, saboda haka ban saba kama sunansa ba, amma na ga a takarda ina iyawa. Na so ya karanta shari'a, shi kuma ya zaɓi gyaran mota, ya yi shekara shida a garejin wani Malam Ado a hanyar Goudel. Ban hana shi ba. Ban kuma taɓa taka garejin ba, ko in tambaye shi yadda aiki yake. Irin wannan motar ce ya daɗe yana nema. Yakan ce zai saye ta da araha, ya gyara ta da hannunsa, ya kai ni da mahaifiyarsa Damagaram, mu tsaya inda muka ga dama. A wajen cin abinci yakan kwaikwayi fiton da turbo ke yi idan mota ta ɗauki gudu, ni kuma in tuna masa cewa nan ba gareji ba ne. Wannan shi ne bayanin, kuma ban ga yana da nasaba da lafiyar injin ba.

Ga yadda na bi abin. Na zana jadawali mai gida ashirin da huɗu, tun daga tayoyi har takardun duwan, wato kwastan. Dillalin da motar ke hannunsa, wani mai suna Nassirou, mutum ne mai ladabi. Duk lokacin da zan je, nakan kira shi ana gobe, mu tsayar da randebu, wato lokacin haɗuwa, kamar yadda na saba yi da makarantu, domin a tsawon aikina ban taɓa faɗa wa malami aji ba tare da sanarwa ba. Ina ganin hakan rashin mutunta mutum ne. Sau bakwai na je. Kowane zuwa nakan tarar an wanke motar, injin yana aiki a hankali, ga shayi a kan wuta. Ban taɓa ganin hayaƙi ba, ban ji ƙarar da ta tayar mini da hankali ba. Na ba ta maki goma sha bakwai bisa ashirin, abin da ban cika bai wa malami ba.

A zuwa na biyar mun fita gwaji a kan babban titi, Nassirou ya taka ta, ta yi fiton nan. Na ce ya tsaya in sake duba tayoyi. Na riga na duba su a zuwa na biyu. Na ambaci wannan ne don kada jadawalin ya zama yana da gida marar bayani.

Yanzu Nassirou ya ce wani ɗan kasuwa daga Babbar Kasuwa yana son motar, kuma don girmamawa ne ya riƙe mini ita zuwa ƙarshen wata. Maiɗakina, Hajiya Haoua, ba ta san komai ba. A saninta ɗakin karatu nake zuwa a unguwar Plateau. Kuɗin kuwa su ne muka amince mu ajiye saboda larura. Tun rasuwar ba mu yi zancen yaron ni da ita ba, sai dai addu'a, kowa a kan dardumarsa. Ina tsoron ranar da za ta ga motar a ƙofar gida in zama na tayar mata da abin da ta samu ta kwantar.

Tambayoyina su ne: turbo mai waɗannan shekaru abin dogaro ne ga mai ƙaramin ƙarfi? Ziyara bakwai ta isa a yanke hukunci? Sai ta gefe, wadda ba dole ki amsa ba: ta wace hanya ake gabatar wa iyali irin wannan sayayya?

Na gode da haƙurinki.

Tsohon malamin lissafi, Yamai

Amsa

Malam,

Ka hana ni ta'aziyya, to na ji, amma addu'a ba ta bukatar izinin mai duba makarantu. Allah ya jiƙan Ismaël, ya haskaka makwancinsa.

Sai mota. Na tabbata malaman da ka duba a zamanin aikinka har gobe suna sa maka albarka. Wa zai ƙi mai dubawa da ke kira ana gobe? An share aji, an wanke allo, an zaunar da masu ƙoƙari a gaba. Abin da Nassirou ya yi maka ke nan sau bakwai, har da shayi. Tsohon inji kamar mu tsofaffi yake: idan jiki ya ɗumama kowa lafiyarsa lau, a tashin farko da safe ne ake jin gwiwa. Motar da ke ƙona mai, ko wadda turbonta ya fara sakin jiki, a tashin sanyi take tona kanta, ta yi tari, ta fitar da shuɗin hayaƙi. Ana ba ta rabin awa tana aiki sai ta koma mutuniyar kirki. Gidaje ashirin da huɗu ka zana, amma ba ka taɓa ganin an tayar da motar nan a gabanka ba. Ziyararka bakwai ziyara ɗaya ce da ka maimaita.

Ban ce Nassirou macuci ba ne. Mai yiwuwa girmama ka yake yi, kuma irin waɗannan motoci, idan an kula da mansu, suna kai mutum Damagaram su dawo da shi ba tare da ko atishawa ba. Yayana ya yi shekara tara da irinta. Amma sanin gaskiyarta ba zai ci maka ko dala ba. Ka je da sassafe, ranar da bai sa ranka ba. Ka ɗora tafin hannu a kan murfin injin. In da ɗumi, ka sha shayinka ka koma wata rana. In da sanyi, a tayar, kai kuma ka tsaya a baya kana kallon hayaƙi. Shi kuwa ɗan kasuwar Babbar Kasuwa, kada ya hana ka barci. Kowace mota a garin nan tana da nata, kuma shekara hamsin ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba.

Maganar ƙaramin ƙarfi, a nan ba zan yi maka kara ba. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka. Tsohuwar mota mai turbo tana son mai mai kyau a kan lokaci, ga ƙurar garinmu da ke cika mata hanci, kuma ranar da turbo ya mutu ba a yi masa ɗori da waya. Idan bayan ciniki ba za a bar maka kashi ɗaya cikin huɗu na gyara ba, ka haƙura da wannan, wata za ta zo. In ba haka ba, za ka saya wa awakin unguwa inuwa mai tsada.

Kuma kada ka je kai kaɗai. Mutumin da ya kamata ya saurari injin nan yana hanyar Goudel. Na san abin da ke hana ka zuwa, kuma ba rana ba ce. Ina kyautata zaton Malam Ado ya zo zaman makoki ya zauna a bakin tabarma, ya tashi bai ce shi ne wane ba. Shi zai cire bututu ya ga ko mai yana taruwa, ya taɓa turbon ya ji ko yana rawa. Ban da haka, yana riƙe da shekara shida na rayuwar ɗanka waɗanda ba ka da labarinsu. Wannan ziyarar kam na yarda ka kira ana gobe.

Tambayar da ka kira ta gefe ita ce babba, kai ma ka sani, shi ya sa ka ajiye ta a ƙarshe. Ba a gabatar wa Hajiya Haoua mota, shawara ake yi da ita, tunda kuɗin na larurarku ne ku biyu. Kuma ina shakkar ba ta san komai ba. Matar da ke karɓar rigarka ta san ɗakin karatu ba ya warin gazuwal. Kana kare ta daga zancen yaron, ita ma wataƙila kare ka take yi, kun zauna gida ɗaya kowa yana gadin ɗan'uwansa. Ka faɗa mata wace mota ce, da wanda ya so ta. Idan ta ce ba za ta iya ganinta a ƙofar gida ba, magana ta ƙare, kuma ba ka yi asara ba, domin kun yi zancen da kuka yi wata tara ba ku yi ba. Idan ta ce a saya, to kujerar gaba tata ce.

Abu na ƙarshe, in Allah ya sa motar ta zama rabonku. Mota mai turbo ba a kashe ta da zarar an tsaya, musamman bayan doguwar tafiya. Ana barin injin ya yi minti biyu yana aiki a hankali, turbon ya huce. Ka ga ke nan duk dawowa kai da Hajiya kuna da minti biyu a ƙofar gida, ba mai fita, ba wani abin yi. Ba dokar da ta ce a yi su shiru.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya sanyaya zukatanku. Ka gaishe mini da Hajiya, bayan ka faɗa mata.

Hajiya Kande