Ashe Ba Fushi Baba Yake Yi Ba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau, tsayuwar aiki ce kawai ke kumbura min ƙafa.

Jiya na gano wani abu a wurin aiki. Tsohuwar da nake jinya ta daina magana, na ɗauka fushi ne. Likita ya duba bakinta, ya bushe ƙamas, babu yawu. Ya ce maganinta na hawan jini ne sila.

Yaya, irinsa Baba ke sha. Shekara guda ina kuka, wai tafiyata ce ta sa yake sallamata a waya da "to, madalla."

Don Allah ki nuna wa likita maganin, kada Baba ya daina sha da kansa. Ki ajiye masa ruwa kusa, ya riƙa kurɓa.

In na kira, ki fara ba shi ruwan. Hirar shekara ce a bakina.

Ƙanwarki